Yadda Kunyar Suruki Ta Kai Ni Wankin Ƙoda

Likita ta ce ƙodata ta dawo, amma ba duka ba, kuma abin da ya rage sai lallaɓawa har ƙarshen rai. Na gode wa Allah da ya bar mini abin lallaɓawar. Wannan rubutu kuwa ba don a ce mini sannu nake yinsa ba, an ce mini sannu har na gaji. Ina yi ne saboda wata magana da ta yi yawo daga nan Birnin Gwari har Kuyello da Randagi, wai surukina ya kai ni kan dutse ya hana ni ruwa, ya kusa kashe ni. Ƙarya ce. Ni na hana kaina ruwa, kuma na yi mako shida ina kwance ana cin mutuncin bawan Allah a gabana ban ce uffan ba.

Sunana Garba, amma a gari Mai Daji ake ce mini. Shekara ashirin da shida na yi ina shiga da baƙi gandun dajinmu, 'yan makaranta da Turawa da manyan ma'aikata, ina nuna musu gwanki da gadu da gwaggon biri, wani lokaci har giwa idan ta ratso. Ni ne mutumin da ke jera baƙi kafin a shiga daji ya sa kowa ya sha ruwa a gabansa. Na taɓa mayar da wani babban mutum cikin motarsa saboda ya ce shi ba ya jin ƙishirwa. To ku riƙe wannan, don ku san ba jahilci ne ya kayar da ni ba.

Tun da ɓarayin daji suka karɓe dajin, na koma zaman ƙofar gida da ɗan noman masara kusa da gari. Idan kewa ta ishe ni, sai in ɗauki waya ina kallon namun dajin wasu ƙasashe. Ashe 'yata ta fari tana lura. Sunan mahaifiyata ne da ita, don haka Uwani muke ce mata. Ita ta kai wa mijinta labari.

Mijin nata, Nasiru, malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a Kaduna. Shekara goma sha ɗaya da aurensu, ba mu taɓa cin abinci wuri ɗaya ba. In ya zo, daga nesa yake cire takalmi, ya tsuguna, ya gaishe ni kansa a ƙasa. Ni ma ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba, Malam nake ce masa. Haka muka tashi muka gani, kuma ina alfahari da hakan.

A hutun ƙarshen shekara, shi da abokan aikinsa suka shirya tafiya jihar Taraba, su yi kwana biyu suna kallon namun daji a Gashaka, sannan su hau Gangirwal, dutsen da ya fi kowane tsayi a ƙasar nan. Ya sa sunana ya biya mini komai. Bai ma iya faɗa mini da bakinsa ba, ta wurin uwar Uwani saƙon ya iso.

Matata ta ce, "Malam, shekarunka sittin da uku fa. Ka je ka ga dabbobin, ka bar musu hawan."

Na ce, "Ni za a koya wa tafiyar ƙasa? Malaman alli za su hau, ni in zauna ina gadin jakunkuna?"

Ta ce, "To, Allah ya tsare." Ta ci gaba da tankaɗenta.

Kwana biyun farko ba zan yi musu butulci ba. Na ga ɓauna, na ga dorina ta fito da hanci daga ruwa, na ga wasu birai baƙi da fari da ban taɓa gani ba a dajinmu. Jagoranmu wani Bafulatani ne mai suna Hammadu, mutum mai natsuwa. Da na riga shi ganin sawun mazo na ce masa bai wuce awa ɗaya da wucewa ba, ya tsaya ya dube ni, daga nan ya riƙa cewa, "Ku tambayi Baba." Kaina ya kumbura. A can ƙasa babu matsala, akwai bishiyoyi, akwai ɗakuna, abinci kuwa wurin direbobi nake zuwa in ci.

Da aka fara hawa ne abubuwa suka cakuɗe. Tanti ɗaya mutum biyu, kuma Hammadu da ya ji an ce mu 'yan gida ɗaya ne, sai ya haɗa ni da Nasiru. Ya kuma kafa doka: kowa da abokin tafiyarsa, ba a barin layi sai an faɗa wa aboki, kuma in ka ratse, abokinka ya tsaya ya jira ka. Dokar daidai ce, ni ma da ita na yi aiki. Amma ku duba mini. Can sama babu bishiya, babu kurmi, sai gajeriyar ciyawa da iska, kana hango mutum tun daga nesa. Akwai malamai mata uku a cikinmu. Wato duk sanda fitsari ya kama ni, sai na juya na faɗa wa mijin 'yata, ya tsaya yana jirana in tsuguna a fili.

Na yi lissafina na tsohon wawa: abin da bai shiga ba, ba zai nemi fita ba. Sanyi ma ya taimake ni, don ba na jin ƙishirwa sosai. Hammadu yana duba gorar kowa duk inda aka tsaya hutu, sai na riƙa durƙusawa kamar zan gyara igiyar takalmi, in tsiyayar da ruwan cikin ciyawa. Abinci kuwa da'ira ake yi a ci tare, Nasiru yana gefena. In karɓi kwano in ce sai an jima, in zagaya in miƙa wa 'yan dako. Ƙafafuna suka fara ciwo kamar ana sara. Ina da wasu ƙwayoyi da na saya a kemis kafin mu taso, haɗin gajiya, na riƙa haɗiyar biyu da safe biyu da yamma, ciki babu komai, da ɗan kurɓin da zai tura su kawai.

Kullum da safe Hammadu yana bin mu ɗaya bayan ɗaya. Ciwon kai? Amai? Numfashi fa? Sannan ya yi tambayar da na tsana.

"Baba, fitsari wane launi?"

A gaban mata, a gaban surukina. Na ce, "Fari tas."

Alhali sau ɗaya nake yi a yini, da sassafe in kowa ya shagala da naɗe tanti, kuma launinsa kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Rana ta uku muka kai ƙololuwa. Akwai hoto, ina tsaye ina ɗaga sanda. Ban tuna komai na wurin ba sai bugun da kaina ke yi da numfashin da ba ya isa. A hanyar sauka na yi amai sau biyu, na ce taliyar da suke dafawa ce ba ta karɓe ni ba.

Makon farko a gida, kowa ya ce gajiya ce. Ni ma haka na so ta zama. Amma ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, fuskata ta cika, ga shaƙuwa da ba ta tsayawa, ga tashin zuciya ko ƙamshin miya na ji. Matata ce ta fara ganewa. Ta ce, "Malam, butar nan tun jiya da safe na cika ta, ba ta motsa ba." Na daka mata tsawa na ce ta fita harkar butata. Kwana biyu ke nan ko ɗigon fitsari ban yi ba.

Aka kai ni asibitin gari. Layi tun daga bakin ƙofa, mata da yara a zube a baranda. Aka gwada zazzaɓin cizon sauro, aka gwada taifot, aka ba ni magani muka dawo. Kafin la'asar gidan ya cika da masu shawara. Ƙanena Sale ya zo daga Kuyello a kan babur, ya dube ni sau ɗaya ya ce, "Yaya, irin waɗannan duwatsun da masu su. Ba a hawa haka kawai." Ya sa aka yi mini hayaƙi har na kusa shiɗewa. Yayar matata ta aiko da jiƙo daga Randagi a cikin jarka, baƙi ƙirin, mai ɗacin da har yau in na tuna sai na tofar da yawu. Wani ya ce man zaitun, wani ya ce a nemo mai kamu. Na sha duk abin da aka miƙo. Duk wanda ya ce iska ce, daɗi nake ji a raina, don iska ba ta da alaƙa da abin da na aikata.

Nasiru da Uwani suka iso daga Kaduna a rana ta shida. Ina ɗaki ina jin Sale ya tare shi a zaure.

"Malam Nasiru, tsoho mai shekara sittin da wani abu za ka ɗauka ka kai kan dutse? In kai ba ka da hankali, ba ka da manya da za ka tambaya?"

Na ji Nasiru yana cewa, "A yi haƙuri, Baba Sale." Ni kuwa na juya fuskata bango.

A mako na biyu wani matashin likita ya sa aka ɗebi jinina. Da sakamako ya fito bai ɓata lokaci ba, ya rubuta takarda ya ce a wuce Kaduna yau in da hali, ƙoda ce. Allah ya saka wa yaron nan da alheri. Sai dai hanyarmu kun san ta, sai da muka jira safiya aka haɗu motoci da yawa, sannan aka kama hanya. Kowane rami sai na ji shi a gadon bayana. A babban asibiti muka yi layin kati, muka yi layin biya, muka yi layin jini, aka ce babu gado. Yini guda ina kan benci, kaina a kafaɗar Sale, Nasiru yana ta zirga-zirga da takardu a hannu har rigarsa ta jiƙe. Ba zan ɓoye ba, na tsine wa tsarin wurin a zuciyata. Mutum yana mutuwa ana tura ɗan'uwansa taga ta huɗu ya kawo hatimi.

Washegari likitar ƙoda ta zo, mace ce, ba ta da yawan magana. Matata ta nuna mata ledar ƙwayoyin da ta samu a jakata. Ta juya su a hannu, ta tambayi kwana nawa muka yi muna tafiya, ta sa aka zubar da jiƙon Randagi nan take. Sannan ta ce abu uku ne suka haɗu: wahalar da jiki ya sha, ƙwayoyin nan, da rashin ruwa.

Ta ce, "Baba, ƙodarka ba ta mutu ba, suma ta yi. Za mu yi mata aikinta da inji mu ga ko za ta farfaɗo. Amma jikinka ya nuna ka yi kwanaki ba ka sha ruwa ba. Me ya hana ka?"

Matata tana tsaye, Sale yana tsaye, Uwani tana riƙe da ƙarfen gado, Nasiru yana can baya. Duk suka zuba mini ido. Da na faɗi gaskiya a lokacin, da an yi dariya ko an yi faɗa, a wuce wurin. Amma bakina ya buɗe, abin da ya fito shi ne, "Ruwan ne ya yi ƙaranci a can sama."

Uwani ta juya a hankali ta dubi mijinta. Ta ce, "Ka kai mini uba kan dutse, ka bar shi da ƙishirwa? Kai ka sha, ka dawo garau?"

Nasiru ya ɗago ya dube ni. Tun da ya auri 'yata bai taɓa haɗa ido da ni ba sai ran nan. Daƙiƙa ɗaya ce, ya mayar da kansa ƙasa. Na rufe ido na yi kamar barci ya ɗauke ni.

Mako na uku aka fara wankin ƙoda. Wanda bai gani ba, Allah kada ya nuna masa. An huda mini wuya aka sa roba, ta nan jini ke fita ya shiga inji ya dawo. Awa huɗu kana kwance kana kallon jininka yana tafiya a cikin roba, sanyi yana ratsa ƙashi, in an gama ka tashi jiri ya mayar da kai. Injinan kaɗan ne, masu jira da yawa, wata rana a kira ka da hantsi, wata rana ka yini a ce sai gobe. Kowane wanki kuma sai an taɓa wani abu. Masarar da na ajiye ina jiran ta yi daraja, a lokacin arha aka fitar da ita. Wata rana na lura Nasiru ya daina zuwa da mota, a Keke Napep yake sauka. Ban tambaya ba, don na san amsar.

Ɗakin maza ne, ba a barin mace ta zauna jinya. Ɗana namiji ɗaya ne, soja, yana can inda ba a ba shi hutu ba. Sale ya yi kwana huɗu ya ce girbin dawa yana jiransa. Saura wa? Nasiru ya nemi izini a makaranta, ya shimfiɗa tabarma a gefen gadona.

An sa mini robar fitsari mai jaka a rataye. Likita ta ce duk abin da ya taru a juye a kofin awo, a rubuta a takarda, domin da shi za a san ko ƙodar tana farkawa. Mutumin da na ƙi ce wa zan kewaya, shi ne yanzu yake tsugunawa ƙarƙashin gadona safe da yamma, ya juye fitsarina a kofi, ya ɗaga shi saitin taga ya karanta layi, ya rubuta, ya je ya zubar, ya wanke kofin. Shi ke goge mini jiki. Shi ke riƙe ni zuwa bayan gida, ya tsaya a ƙofa. Kwanakin farko ina rufe fuska da mayafi in ya tsuguna. Daga baya ƙarfin jan mayafin ma babu.

Sannan ga ƙishirwa. Likita ta ce abin da na fitar jiya, shi zan sha yau, da ɗan ƙari kaɗan, in ba haka ba ruwan zai taru mini a ƙirji. Ni da na zubar da ruwa mai sanyi na kan dutse, na koma ana auna mini da murfin gora. Harshena ya bushe kamar tsohon takalmi. Wata rana da azahar na ce, "Malam, ƙara mini."

Ya ce, "Baba, na yau ya ƙare sai na magani."

Na ce, "Ka ƙara mini na ce. Kai ne likitan?"

Ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba." Ya jiƙa auduga ya goga mini a leɓe.

Na ture hannunsa, na zage shi a gaban mutanen ɗaki, zagin da ban taɓa yi wa ɗan cikina ba. Da ya fita wanke kofi, tsohon da ke gadon kusa da ni ya ce, "Malam, ka bi ɗan nan naka a hankali. Nawa uku ne, ka ga ko ɗaya a nan?" Na ce masa ba ɗana ba ne, suruki ne. Ya daɗe yana kallona, ya gyara kwanciya.

Uwani tana kawo abinci kullum da rana, marar gishiri kamar yadda aka ce. Ta ajiye, ta gaishe ni, ta gyara mini matashi, ta wuce ta gaban mijinta kamar babu kowa a wurin. Kwano ɗaya take kawowa. Na ji daga bakin uwarta cewa ta kwashe yara ta koma gidan ƙanwar uwar a can Kaduna. Ina ganin Nasiru yana fita da yamma ya sayi ƙosai a bakin asibiti ya ci a tsaye. Kullum sai na ce yau zan faɗa. In Uwani ta shigo sai in ce bari ta zauna, in ta zauna sai in ce bari nas ta fita, in nas ta fita sai lokacin ziyara ya ƙare. Duk ranar da ta wuce kuma tana ƙara wa maganar nauyi.

A mako na biyar, wata safiya, Nasiru ya ɗaga kofi ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Baba, ya wuce layin jiya. Ya wuce sosai." Washegari ya ƙaru, rana ta uku sai da ya juye sau uku. Likita ta duba takardar da ya cika da rubutunsa na malamin makaranta, ta ce wannan mai jinya ya fi wasu ma'aikatanta. Aka tsayar da wanki, aka cire robar wuya, a ƙarshen mako na shida aka sallame ni.

Kafin in kai ƙarshe, bari in sauke abin da ke wuyana. Ina gode wa likitar nan, da nas ɗin da ke kirana Baba Mai Daji tana tsokanata har in yi dariya, har da wadda ke mana tsawa, don ita ma ba ta taɓa makara da allura ba. Na kira Hammadu a waya na roƙe shi gafara, domin har shi maganar ta shafa. Ya ce daga yanzu zai riƙa tambayar baƙi wa suke jin nauyi kafin ya raba tanti. Ku kuma masu sha'awar irin wannan tafiya, ku je, abin gani ne. Amma ku sha ruwa ko ba ku jin ƙishirwa, ku ci abinci, ku bar ƙwayoyin kemis a kan cikin da babu komai. In jagora ya tambaye ku launin fitsari, ba rashin kunya yake yi ba, aikinsa ke nan. In kuma an haɗa ka da wanda kake jin nauyi, ka ja jagora gefe ka faɗa masa. Magana ce ta minti ɗaya.

Ranar da muka dawo gida aka yi ta shigowa barka. Bayan la'asar mutane suka ragu, sai Sale ya ce akwai magana. Muna zaure, ni a kan kujera an tokare ni da matashi, shi da wasu dattawan dangi biyu a kan tabarma, Nasiru a tsugune a bakin ƙofa. Sale ya ce sun yi shawara, Uwani da yara za su zauna a nan gida tukuna, har zuciya ta huce a ga abin da ya dace. Ya ce ba a raina jinyar da aka yi ba, amma wanda ya iya barin uba da ƙishirwa, ba a san abin da zai yi wa 'ya ba.

Nasiru ya ce, "Na yi kuskure. Duk abin da kuka yanke daidai ne."

Wannan ce ta karya ni. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, yana ba da haƙuri a kan laifina. Na ce a kira Uwani da uwarta. Sale ya ce maganar maza ce. Na ce gidana ne, a kira su.

Suka tsaya daga ciki, bakin ƙofar tsakar gida. Na faɗa. Na ce ruwa bai taɓa yankewa a kan dutsen ba, gorata a cike ake ba ni kullum, ni nake zubarwa a ciyawa. Na faɗi dalili, na kira fitsari da sunansa, kalmar da ban taɓa furtawa a gaban 'yata ba. Na faɗi abincin da na ba 'yan dako, da ƙaryar da na yi wa jagora, da wadda na yi wa likita. Ina magana ina kallon yatsun ƙafata. Da na gama, Sale ya cire hula ya mayar.

Na ce, "Malam, ka yafe mini."

Nasiru ya ce, "Baba, ai na gani. Tun rana ta farko nake ganin ciyawa a jiƙe inda ka tashi. Na so in yi magana, nauyi ya hana ni. Da na faɗa wa Hammadu, da ba a kai nan ba. Shi ya sa da aka ce laifina ne ban musa ba."

Sai Uwani ta yi magana, a hankali, ba ta ɗaga murya ba. Ba mijinta ta duba ba, ni ta duba.

Ta ce, "Baba, wata guda ina wuce shi da kwano ɗaya, kana kallo. Ka ji kunyarsa, amma ba ka ji tausayinsa ba."

Ta koma ciki ta haɗa kayan yara. Da safe ta durƙusa ta yi mini sallama yadda ta saba, ba ta rage komai ba, ta bi mijinta tasha.

Wata uku ke nan. Duk ƙarshen wata ina zuwa Kaduna a duba jini, Nasiru ne ke tarata a tasha, shi ne kuma ke kirana duk Juma'a ya ji ya jiki. Uwani tana kiran uwarta kusan kullum. Ina jin su daga inda nake zaune, tana tambaya ko na sha magani, ko an rage mini gishiri, ko ƙafar ta sake kumbura. In uwar ta ce, "Ga shi nan kusa, in ba shi?" sai in ji ta yi shiru tana saurare, sannan ta ce, "To, zan gaya masa." Ta ajiye wayar, ta ce mini Uwani tana gaishe ni.